Mangwaron da Umma Ta Yi wa Aure

Zuwa ga Kawu,

Mangwaron Umma ya yi fure, kuma Kaka ta ce ba za ta zo asibitin ba.

Na sa wannan a sama ne don kada ka sha wahalar nemansa a ƙasa. Yanzu bari in gaishe ka yadda ya kamata. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da kuma kunnen. Da yana ji da na kira ka a waya mun gama, amma na tuna wancan karon da na yi ta ɗaga murya a tsakar gida har maƙwabta suka san ciwon kowa a gidan nan. Don haka zan ci gaba da ba direba takarda.

Kaka lafiyarta ƙalau in ban da idon. Na hagu dai ka san ya tafi. Na dama ina ɗiga mata magani safe da yamma, amma ta fara laluben bango in za ta fito. Na karanta mata wasiƙarka, har inda likita ya ce hawan jinin ido ba ya mayar da abin da ya ci, kuma yana so a yi aikin farkon wata mai zuwa. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce in gaya wa Autanta mai furfura cewa babu inda za ta sai ta sa ɗan bishiyar nan a bakinta.

Ka fi ni sanin dalili. Reshen da Umma ta yi wa dashen aure da shi daga gidan mahaifin Kaka ta yanko shi, kafin hanya ta cinye gidan da bishiyar. Umma ta yi shekaru tana jiran fure a bayan ɗakin girki, bai yi ba har ta rasu bara. Sai bana. Rassan biyu duk sun yi, babban har ba a ganin ganyensa, ƙaramin kuwa jefi-jefi. Ƙamshin ya cika gidan, ga ƙudaje da zuma tun hantsi.

Akwai wani abu kuma. Kaka ta ce kullum da safe, bayan salla, tana jin Babba tana shara a gindin bishiyar. Har yanzu haka take kiran Umma, kamar ta je kasuwa ne. Ban musa mata ba, domin ni ma na ji. Shara ce a hankali, a ja a tsaya, a ja a tsaya, irin ta mai ciwon baya. Na leƙa, babu kowa, kuma furen da ya zube yana nan inda yake. Ka san ni ba mai yarda da irin waɗannan maganganu ba ce. Abin da na ji kawai na rubuta.

Ka gaya mini tsawon lokacin da mangwaro ke ɗauka daga fure zuwa nuna, da abin da zan yi masa. Ni alli na iya riƙewa, ba fartanya ba.

'Yarka,
Malama

*

Zuwa ga Malama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda injinan ma'aikatar nan suka bar shi. Ki gaishe mini da tsohuwa, ki ce mata furfurar tawa gadonta ce.

Daga fure zuwa nuna wata uku ne zuwa huɗu. Na faɗa wa likita, ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce ba zai ce idon ba zai kai ba, ba kuma zai ce zai kai ba. Ya ɗaga ranar zuwa ƙarshen wata, ya ce in ci gaba da lallashi. Na san uwata. Lallashi zan yi, amma ke ki kula da bishiyar, don ina ganin ita ce hanya mafi kusa zuwa asibiti.

Ki daina ba shi ruwa har sai 'ya'yan sun kai ƙwayar gyaɗa, sannan ki koma ba shi da yamma, a kewaye, ba a jikin gindi ba. Kada ki sa taki yanzu. Kada ki fesa maganin ƙwari, ƙudajen da kike gani su ke yin aikin. Kada a hura wuta kusa da shi. Fure da yawa zai zube, ƙanana ma za su zube, wannan ba ciwo ba ne.

Amma kalma ɗaya a wasiƙarki ta tsayar da ni. Kin ce rassa biyu. Ni na riƙe wa Yaya, Ummanki, dashen ranar da ta yi masa aure, ita ta fere, ta haɗa, ta ɗaure, kuma jiki ɗaya ne. Gindin na mangwaron banza ne mai zare, wanda ta shuka da ƙwallo. Irin wannan gindi ba ya daina neman fitar da nasa reshen, Yaya takan ce masa ɓarawo, duk sanda ya leƙo ta tsinke shi da farce. Ina jin tun da ta kwanta ciwo babu wanda ya sake duba shi. Ki duba jikin bishiyar, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, za ki ga kumburi kamar gwiwa. Nan ne wurin auren. Wanda ya fito daga samansa na Yaya ne. Wanda ya fito daga ƙasansa ɓarawo ne, ki yanke shi, yana shanye wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Maganar shara ba zan ce komai ba. Ni da shugabana yake tsayawa a gabana yana magana ban ji ba, wani lokaci cikin ƙarar inji ina jin Yaya tana kirana in kawo mata wuƙa.

Kawunki

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Kaka tana amsawa, ta ce gadon furfura dai ka ci, saura na hankali. Idon yana nan, sai dai jiya ta zuba shayi a gefen kofi.

Na duba, babu gwiwa. Ba ka zo ba tun bayan damina, shi ya sa ba ka sani ba: da ruwa ya kwanta mana a tsakar gida, an kawo ƙasa an cike bayan ɗakin girki. Yanzu rassan biyu daga cikin ƙasa suke fitowa, kafaɗa da kafaɗa. Ina tsoron tonawa in taɓa saiwa yana cikin fure. Ganyensu a idona iri ɗaya ne.

Wanne ne ɓarawon? Ka ba direba amsa a wannan zuwan.

Malama

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba bai zo ba tun da ya karɓi takardata, na je tasha an ce motarsa ta lalace a hanya. Na gwada wayarka, tana ta ƙara a aljihunka ina jin, ba ka ɗauka ba. Wannan zan ajiye ta har ya zo.

Ƙarshen wata ya wuce, ranar likita ta wuce da shi. Kaka ta daina gane fuskata sai na tsaya a bakin ƙofa haske yana bayana. Furen ya bushe, 'ya'ya sun fito, na koma ba da ruwa kamar yadda ka ce. Amma zubar ta tsorata ni. Kullum da safe ƙasa kore shar da ƙananan 'ya'ya. Kaka ta sa ina tsince mata su a kwano, ta zauna tana murza su ɗaya bayan ɗaya. Na fi son ta yi faɗa.

Na yi ta tunanin maganarka cewa ɓarawo yana shanye ƙarfi. Na ce in na ci gaba da jira zai zubar da duka, shekara ta tafi, idon ma ya tafi. Na tsaya na dube su da kyau. Babban yana da kauri, ganye luf-luf, ga 'ya'ya. Ƙaramin siriri ne, ya karkace ya nufi rufin ɗakin girki, 'ya'yansa ba su fi a ƙirga a hannu ba. Na ce wanda Umma ta yi shekaru tana reno ba zai zama wannan abin tausayin ba. Ranar Asabar da hantsi na aro zarto wurin kafinta, na yanke ƙaramin daidai da ƙasa.

Bai yi wuya ba. Danƙon ne ya dame ni. Ya kama mini hannu, na wanke da sabulu bai fita ba, kuma warinsa shi ne warin hannun Umma in ta shigo daga bayan gida. Na manta da shi sai ranar. Kaka tana ɗaki, ta ji ƙarar zarto, ta tambaya, na ce gyara nake yi wa bishiya da umarninka. Ta ce to.

Washegari bayan salla muna zaune, ita a kan darduma, ni ina haɗa littattafan makaranta. Sai ta ce, “Yau ba ta zo ba.”

Ba ta sake zuwa ba, har yau. Daga baya na ɗaga kai na ga wani layi mai sheƙi a kan kwanon rufin, inda bakin reshen yake gogawa in iskar safe ta taso. Ka ga ke nan an sami bayani. Na ɗauka zan ji sauƙi da na same shi. Yanzu ni ce nake farkawa ina kasa kunne.

Malama

*

Malama,

Gaisuwa a gaggauce, muna lafiya. Takardarki ta iso yau, ina rubuta wannan a tsaye direba yana jira.

Kada ki yanke komai. Ban san an cike wurin ba. In ba ki ga gwiwa da idonki ba, kada zarto ya matsa kusa da bishiyar. Ki tona a hankali da hannu, saiwa tana can ƙasa, ba za ki taɓa ta ba. Kuma kada girma ya ruɗe ki. Ɓarawo shi ya fi ƙarfi kusan kullum, don gindin nasa ne, shi yake fara sha. Na aure baƙo ne a jikin, in aka bar su tare shi yake ramewa. Da ma na rubuta miki wannan tun farko.

Zubar ƙanana kuma ki ƙyale ta, na gaya miki ba ciwo ba ne.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Kaka tana nan, tana cin abinci, tana barci.

Direba ya zo. Wasiƙarka ta yi kwanakinta a aljihun motarsa a garejin makanikai. Da hannun dama na miƙa masa tawa, da na hagu na karɓi taka, na karanta a tashar. Yanzu ka riga ka ga abin da na yi.

Na dawo gida na tona. Gwiwar tana nan. Kututturen da na bari yana samanta. Babban daga ƙasanta ya fito.

Na je inda na jefar da reshen, ko za a sami abin yin wani auren. Ya bushe, ganyen yana karyewa a hannu. Na tambayi mai sayar da dashe a bakin hanya, ya duba, ya ce wuta ce kawai za ta yi murna da shi. Ba da mugunta ya faɗa ba.

Ban gaya wa Kaka ba. Tana nan tana tambaya ko sun kai girman ƙwai. Ina ba shi ruwa da yamma don ban san abin da zan yi da hannuna ba in na daina.

Malama

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya. Na karanta wasiƙunki biyu a jere, na fita bayan ma'aikata na zauna.

Ni na ce ki yanke, ban tambayi yadda wurin yake ba. Wannan ya isa a kan maganar laifi, kada ki sake ɗauko ta. Ki kankare bawon kututturen da farce. In kin ga kore a ciki, zai iya toho, ki kare shi daga awaki da rana. In ruwan ƙasa ne, to shi ke nan.

Yanzu abin da ya rage idon ne. Likita ya ce in ta zo ko yaushe zai karɓe ta, amma ya daina yi mini alkawari. Ga abin da na yi tunani, ki auna. Mangwaron aure ya fara shigowa kasuwa daga wasu wurare. Ki sayi mai kyau, marar zare, ki ajiye shi a kwano a gindin bishiyar, ki kawo mata. Ba ta gani. Ta ci, ta cika maganarta, direba ya ɗauko ta a makon nan. Na san ba abin da Yaya ta koya miki ba ne. Ni ma ba abin da aka koya mini ba ne. Amma wata ɗaya a wurin idon nan ba ƙaramin abu ba ne.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri, wannan karon ba direba ba ne, ni ce. Ina fatan kowa lafiya.

Na kankare kututturen. Ruwan ƙasa ne har ciki.

Na sayi mangwaron da ka ce. Na zaɓi mafi kyau, na wanke, na yanka, na kai mata. Ta ɗauki yanka ɗaya ta kai hanci, ta mayar, ta tambaye ni nawa ake sayar da kwando bana. Ta ce kullum da yamma tana fita ta shafa na bishiyar, kuma jiya sun fi dutse tauri, ko dai makarantar da nake koyarwa har da nunar da mangwaro a dare ɗaya ake koyarwa? Na ɗauke kwanon. Ban sake ba.

Daga nan muka jira. Zafi ya shigo sosai. Jemagu suka gano mu, na ɗinka wa na ƙasa-ƙasa jakunkunan takarda, na tokare reshen da ya yi nauyi da itace. Kaka takan sa in kai ta gindin da la'asar, ta zauna a kujera. Wata rana ta miƙa hannu ta tsinki ganye, ta murza, ta shaƙa. Ta daɗe da shi a hanci. Na tsaya da bokiti a hannu ina jiran abin da za ta ce. Sai ta ce ruwan ya yi kusa da gindi, in ja baya.

Shekaranjiya na farko ya nuna. Ƙarami ne, mai dogon baki, irin wanda ke zube a kowane lungu. Ita ta tsinke shi da hannunta, na riƙe mata reshen. Ta ƙi wuƙa. Ta murza shi tsakanin tafukanta har ya yi laushi, ta huda kan, ta sha. Ina kallon zaren yana maƙale mata a sauran haƙoran. Ta shanye har ƙwallo, ta wanke hannu, ta nemi tsinke.

Na buɗe baki zan faɗa mata. Ta riga ni. Ta ce, “Yana da zaƙi. Rubuta wa Auta ya turo direban.”

Ta haɗa kayanta da kanta, da lalube. Jarrabawar ɗalibai ta hana ni biyo ta, sai ƙarshen mako. Maganin ɗigawa yana cikin aljihun jakar na gefe. Ba ta son a riƙe mata hannu, kafaɗa take dafawa.

Gidan ya yi shiru. Mangwaro yana ta faɗowa a kan rufin, ban saba da wannan ƙarar ba tukuna.

Malama

*

Zuwa ga Malama,

Wa alaikumus salam. Tsohuwa ta iso lafiya, ta kwana biyu ta huta, an yi aikin jiya da safe. Ta farka, ta sha shayi, ta yi wa ma'aikaciyar jinya faɗa a kan sukari. Jininta daidai ne.

Kafin a shiga da ita mun zauna a dogon benci na bakin ɗakin. Sai da ta kama kunnena ta yi magana a ciki, kamar ina yaro. Na fara yi mata bayanin bishiyar, na ce ni na ba da umarni. Ta ce in yi shiru, ta san warin ganyen gidan ubanta tun kafin a haife ni, kuma ta san wanda aka yanke tun safiyar da sharar ta tsaya. Na tambaye ta, to me ya zaunar da ita wata biyu bayan haka, ido yana tafiya?

Na yi ta juya ko in rubuta miki amsarta. Na ga ba ni da ikon riƙe ta. Ta ce da farko na Babba take jira. Da ya tafi, ta ji ki kullum da yamma kina jan bokiti, kina ɗinka jakunkuna, kina korar jemagu, ba kya ko cin abincin kirki. Ta ce, “Uwarta ta yi reno ba ta ci ba. In na tashi na bar ta ita ma da nata a kan bishiya, wa zai ci mata?”

Kada ki mai da wannan wani kayan ɗauka. Ita ba haka ta faɗe shi ba. Tana dariya ma, ta ce zaren har yanzu bai gama fita ba.

Ga abin da likita ya ce, kamar yadda ya rubuta mini a takarda don kada in ji rabi. Aikin ya tafi daidai, nauyin da ke cikin idon ya sauka. Gefe-gefen gani ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Abin da yake fata shi ne ɗan tsakiyar, wanda zai ishe ta gane fuska da bakin ƙofa. Ya ce a gwajin da ya yi kafin aikin ya ga alamar saura, amma kaɗan ne, kuma ido irin wannan wani lokaci yakan rasa sauran bayan aiki.

In za ki zo, ki taho mata da carbinta, ta bar shi a ƙarƙashin matashi. Ki rufe tagar ɗakinta.

Yau da safe da aka buɗe labule ta ce ta ga haske ta gefen bandejin. Na faɗa wa likita, ya ce wannan bai tabbatar da komai ba. Gobe da hantsi za a cire bandejin.

Kawunki